Bango (tabar wiwi) da juna biyu: yadda muke bi da mace daga awon farko zuwa arba'in

Kafin a ɗaura wa mai ciki abin awon jini a dantse, sai an san dabarar fitar da 'yar rakiya daga ɗaki. A ɗakin awonmu a nan Gadarif, gabashin Sudan, da wuya mai cikin fari ta zo awo ita kaɗai. Ko uwar miji, ko yayar miji, ko wata gwaggo tana biye da ita, kuma muddin suna zaune a kan benci suna kaɗa mafici, duk abin da aka tambaya amsarsa ɗaya ce: lafiya lau. Mukan ce, "Hajja, a taimaka a karɓo mana kati a waje, za mu duba ta." Sai a ja labule. Abin da za a ji a cikin minti biyar ɗin nan, ko wata tara aka yi ana awo da rakiya a zaune ba za a ji shi ba.

Ba a fara tambaya da bango, sunan da ake kiran tabar wiwi da shi a nan Sudan. Daga jabana, wato gahawa, ake farawa: finjali nawa a rana? Sai shayi, sai magungunan da take saye a kanti ba tare da takardar likita ba, sai tumbak, garin tabar da ake sawa a baki, sai shisha. Daga nan a tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, da kuma a ina yake sha, cikin ɗaki ko ƙarƙashin rakuba, wato rumfa. Idan ta ce maigida yana sha, sai a ce, "Tabar kanti ce ko wadda ake naɗawa?" Can a ƙarshe ake cewa, "Ke fa 'yar uwa, kin taɓa gwadawa don amai ko rashin barci? Ba ke kaɗai ba ce, kuma maganar nan ba za ta wuce labulen nan ba." Da muryar da aka tambayi jabana da ita ake tambayar wannan, ba a sauke murya, ba a ɗaga ido daga takarda a ƙura mata. Tun shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa kowace mai ciki irin wannan tambaya a duk zuwan awo, ba sai wadda aka ga alama a jikinta ba, kuma hakan ya fi sauƙi a gare mu, domin ba wadda za ta ce an ware ta.

Dalilin ɓoyewarta a fili yake. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Sudan ta 1994 ta sa bango cikin laifuffuka, ga kunya, ga tsoron saki. Shi ya sa ba ma rubuta kalmar a katin da za ta koma gida da shi, katin da kowa a gidan zai buɗe. A rajistarmu take zama. Ba ma kuma gwada fitsarinta a ɓoye. Banda cin amana, gwajin ma yakan ruɗar da mutum: wadda ta daɗe tana sha kullum, fitsarinta kan ci gaba da nuna alama har kusan wata guda bayan ta daina, sai a ƙaryata mai gaskiya.

Matan da muke gani ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ta daɗe da sabawa tun kafin cikin. Akwai wadda wata ƙawa ta nuna wa saboda laulayi, ko saboda barci ya ƙaurace mata tun da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba ta da gidanta. Akwai kuma wadda ba ta taɓa kai shi baki ba, amma kullum dare tana kwance a ɗakin da ake busa shi an rufe ƙofa da taga, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Idan ta amsa, abu uku muke so mu sani: naɗi nawa a rana, yaushe ne na ƙarshe, da me take haɗawa. Na ukun shi ne mararraba. Kusan kowa da taba yake cakuɗa bango kafin ya naɗa, ke nan hayaƙi biyu ne muke fama da su. Idan kuwa akwai tiramadol, ko ƙwayar barci irin su dayazifam, ko giyar aragi, ko ƙwayar ais ɗin nan da ta shigo gari, to aikin ya fi ƙarfin ɗakin awo, a ranar muke haɗa ta da likita. Ba a yanke tiramadol ko ƙwayar barci ko giya farat ɗaya ga mai ciki. Ƙwayar barci da giya suna iya jefa ta farfaɗiya, tiramadol kuma yana iya tayar da mahaifa. Da lissafi ake rage su. Bango shi kaɗai ba haka yake ba: barinsa farat ɗaya yana da wahala, amma ba ya kashe uwa, ba ya cutar da ɗa.

Bayanin da muke yi mata gajere ne, kuma ba wa'azi a ciki, ta riga ta san hukuncinsa a addini fiye da yadda za mu gaya mata. Abin da ke bugarwa a cikin ganyen sunansa THC. Yana son kitse, a cikinsa yake maƙalewa, ya riƙa tsattsafowa cikin jini sannu a hankali na tsawon makonni. Mabiyiya ba ta tare shi, yana ratsawa ya isa ga ɗa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi kuwa tun wajen mako 14 tana da gurabun da wannan sinadari ke kamawa, gurabun da jiki ke amfani da su wajen shirya jijiyoyi kowace a mazauninta. Sai kuma hayaƙin kansa. Duk abin da aka ƙona aka zuƙa yana ɗauke da iskar nan mai guba da ke fita daga garwashin gawayi, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, mai shan bango kuma yakan ja da zurfi ya riƙe a ƙirji fiye da mai shan taba. Abin da ya rage na iska shi ke isa ga ɗa.

Sakamakon da aka fi tabbatarwa shi ne ƙaramin jariri, wanda bai kai kilo 2.5 ba, da haihuwa kafin mako 37, da kwanciya a ɗakin jarirai. A wani bincike da aka buga a 2019 kan mata fiye da 660,000 a lardin Ontariyo na Kanada, 12 cikin 100 na masu sha sun haifi bakwaini, marasa sha kuwa 6 cikin 100. Da aka daidaita su ta fuskar shekaru da shan taba da halin samu, tazarar ta ragu zuwa kamar 10 da 7, amma ba ta ɓace ba. Akwai kuma yaran da aka bi tun suna ciki, a Otawa ta Kanada daga 1978 da Fitsbag ta Amurka daga 1982, inda aka ga wasunsu da ƙarancin natsuwa da gaggawar aikata abu bayan sun kai shekarun makaranta. Ba ma ce mata ɗanta zai fito da nakasa, don ba abin da aka saba gani ke nan ba, kuma idan aka tsorata mace da abin da bai faru ga maƙwabciyarta ba, sauran maganar ma ta zube. Abin da muke cewa shi ne babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa, ko na yankin Radom a Darfur ne ko irin da ake kira shashamandi da ke shigowa ta iyakar Habasha, ko an zuƙa ko an dafa a shayi, kuma duk makon da ta daina, ɗan ya ci ribar sauran makonnin.

Daga nan sai a sa rana. Mun fi son ta zama cikin mako guda, kuma ita za ta zaɓa. Wadda ke sha jefi-jefi a ranar take bari. Wadda ke naɗi biyar ko shida kullum, idan ta ce ba za ta iya yankewa ba, mukan yarda ta rage rabi, bayan kwana uku ko huɗu ta sake rage rabi, amma da ranar ƙarshe a rubuce. Ragi marar iyaka shi ke kai mace har naƙuda tana cewa saura kaɗan. Daren jajibirin, duk abin da ya rage da takardar naɗi su bar gidan, ba ƙarƙashin katifa ba.

Abin da ke kayar da yawancinsu rashin sanin abin da ke tafe ne, don haka muke zana mata shi dalla-dalla. Cikin kwana ɗaya zuwa uku za ta fara jin ƙunci. Abu kaɗan ya harzuƙa ta, kukan yaro ya zame mata kamar ana buga mata guduma, abinci ya fita ranta, gumi ya riƙa karyo mata da dare, kai ya yi ciwo. Tsananinsa yana tsakanin kwana na biyu da na shida. Zuwa mako biyu yawancin abin ya lafa. Barci ne ke jan ƙafa, shi da munanan mafarkai masu kama da gaske, waɗannan kan kai wata guda ko su ɗan haura. Mafarkan nan sai an yi maganarsu tun da wuri, in ba haka ba a dare na huɗu za a ce iska ce ta taɓa ta ko an yi mata sammu, a kama hanyar gidan mai magani, wani ya ba ta jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Addu'a da tofi ba mu hana kowa ba. Jiƙo ne muke roƙo a bari.

Ba ma ba da ƙwayar barci. Abin da muke gyarawa shi ne yininta. Jabana ta tsaya a ta safe, finjali ɗaya ko biyu, bayan azahar babu, domin mai neman barci da ke zaman jabanar la'asar tana ɗebo ruwa ne da kwando. Ta yi tafiya da ƙafa idan rana ta yi sanyi, ta rage barcin rana, ta kwanta lokaci ɗaya kullum. Sha'awar abin idan ta taso ba ta daɗewa, takan hau ta sauka cikin 'yan mintoci, don haka muke tambayar ta lokacin da ta saba sha, mu cike wannan lokacin da wani abu: idan bayan isha'i ne, ta kasance a tsakar gida cikin mutane, ba ita kaɗai a ɗaki ba. Muna so ta dawo a kwana na uku da na bakwai, ko da ba ranar awo ba ce, ko kuwa mu kira ta a waya mu tambayi "ƙafar da ke kumbura", ita ta san abin da ake nufi. Idan baƙin ciki ya yi nauyi har tana zancen gara mutuwa, ko ta fara jin muryoyi, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, ba a jira.

Amai shi ne inda gizo ke saƙar, kuma nan ne mu kanmu ma'aikata muka fi yin kuskure. Laulayi na gaskiya yakan fara wajen mako na shida, ya yi ƙarfi wajen na tara, ya sassauta tsakanin 14 da 16. Mace ta zuƙi bango ta ji zuciyarta ta kwanta na awa biyu, sai ta ɗauka ta samu magani. Amma wanda ya daɗe yana sha kullum, ganyen da kansa yana iya juyowa ya zama shi ne mai haddasa aman, cuta ce da likitoci a Ostireliya suka fara bayyanawa a 2004. Kamanninta daban ne. Aman yana zuwa ne zuwa-zuwa, kwana biyu ko uku kamar za ta amayar da hanjinta, da murɗawar ciki wajen cibiya, sai ya ɗauke, sai ya dawo. Maganin amai da aka saba ba ya yi masa komai. Alamar da ba ta ɓuya ita ce ruwan zafi. Za ka ji 'yar rakiya tana ƙorafi, "Wallahi Sista gawayinmu ya ƙare, sau biyar take dafa ruwa a rana, sai ta kwara a jiki take samun sauƙi." Mai laulayi zalla ba ta neman wankan ruwan zafi sau biyar a zafin Gadarif. Duk wadda aka yi wa ƙarin ruwa sau uku, ciki ya wuce wata huɗu amai bai tsaya ba, a tambaye ta zancen wanka, sannan a sake jan labule. Maganin wannan ɗaya ne, barin ganyen, kuma sai an yi haƙurin kwanaki, wani lokaci mako ɗaya ko biyu, kafin cikin ya daidaita.

Laulayin kansa kuwa dole a ba ta abin da zai maye gurbin abin da aka karɓe mata, in ba haka ba za ta koma. Kada ciki ya zauna wayam: ɗan busasshen burodi ko gutsuren kisra kafin ta sauko daga gado, sannan abinci kaɗan-kaɗan kowace awa biyu zuwa uku, kunu ko godogodo mai sanyi sun fi soye-soye da agashe zama a ciki. Ruwa a kurɓa tsakanin abinci, kada a haɗa su lokaci ɗaya. Citta tana aiki, kamar giram ɗaya a yini, wato wajen rabin ƙaramin cokali na gari, a raba shi uku ko huɗu a ruwan ɗumi. Sai bitamin B6, miligiram 10 zuwa 25 sau uku a rana. Idan waɗannan ba su isa ba akwai magungunan amai da likita ke rubuta wa masu ciki. Ƙwayar ƙarin jini takan ƙara tashin zuciya, sai a mayar da ita dare bayan abinci, kuma ba da shayi ba, don shayi na hana jiki ɗaukar ta. Folik asid dai, miligiram 0.4 kullum, ba a ajiye shi. Idan ta yi yini da kwana ko ruwa ba ya zama, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ko jiri na ɗibar ta in ta miƙe, wannan na gadon asibiti ne.

Sauran watannin aikin tef ne da sikeli. Tsarin awo takwas muke bi, mako 12, 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40, da hoton ciki ɗaya kafin mako 24 don a tabbatar da kwanakin, domin in lissafin kwanaki ya karkace duk awon da zai biyo baya ya karkace. Daga mako 24 ana auna tsayin ciki daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, bayan ta yi fitsari, kuma santimita kan yi daidai da makonni, da ragi ko ƙarin biyu. Ciki mai mako 32 da ya ba da 28, ko wanda ya tsaya wuri ɗaya awo biyu a jere, hoto yake buƙata. Sai dai kada a ɗora wa bango komai a rufe littafi. A ƙasar nan zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da yunwa, da hawan jini duk suna tsumburar da ɗa a ciki, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Jinin da ya gaza 11 a gwajin ƙarancin jini a gyara shi, awon hawan jini da ya kai 140 bisa 90 a bi shi, zazzaɓi a gwada a ranar, gidan sauro kuma kowane dare. Bugun zuciyar ɗa tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya ake so. Daga mako 28 muna koya mata lura da motsi: in ta ji shiru, ta kwanta ta gefen hagu ta ƙirga, idan bai kai goma ba cikin awa biyu ta taho ko tsakar dare ne, kada ta bari sai gari ya waye.

Wasu za su koma sha, wannan ba makawa. Wadda ta zo ta faɗa da bakinta, godiya muke yi mata, mu tambayi abin da ya faru a ranar, mu sa sabuwar rana. Wadda aka yi wa tsawa ba ta daina sha, awo take dainawa.

Maigida kuwa ba a aika masa saƙo ta bakin matarsa, ana iya jawo mata duka. Da izininta ake kiransa, kuma ya fi kyau namiji ma'aikaci ya zauna da shi. Ba a ce masa mashayi. Ana ce masa, "Malam, hayaƙi kowane iri ne yana rage wa yaron nan iska, muna roƙon a fitar da shi daga ɗakin kwana gaba ɗaya." Buɗe taga ba ya wadatarwa, waje ake so, nesa da ƙofa. A nan mukan haɗa har da murhun gawayi a rufaffen ɗaki da doguwar zama a ramin dukhan, inda mata ke turara jiki da hayaƙi, saboda maganar ta zama ta hayaƙi ce baki ɗaya, kowa ya samu inda zai ɓoye fuskarsa. Idan su biyun ke sha, barinta ita kaɗai da wuya ya ɗore.

Haihuwa a asibiti muke so, inda akwai mai duba jarirai. Tunda ba a rubuta a kati ba, mukan ja mata kunne cewa ita za ta faɗa wa ungozomar da ta karɓe ta a keɓe, musamman mai ba da maganin sa barci idan abin ya kai ga tiyata. Wanda ya sha kwanan nan zuciyarsa na saurin bugawa, maƙogwaronsa na saurin harzuƙa, kuma adadin maganin da zai ɗauke shi yakan bambanta. Shan bango don rage zafin naƙuda kuwa babu abin da yake ƙarawa sai ruɗa awon bugun zuciya a lokacin da aka fi buƙatar a gane shi. Jaririn a auna shi a sikeli. Wasu kan fito da 'yar karkarwa, da saurin firgita, da kuka mai tsini na 'yan kwanaki. Idan ƙarami ne, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata a lulluɓe su tare, a sa masa hula, a ba shi dakashi cikin awar farko, a ci gaba da ba shi nono kowace awa biyu zuwa uku ko da sai an tashe shi, saboda ƙananan jarirai sukarin jininsu na saurin faɗuwa.

Nono shi ne tambayar da ake yawan yi mana. Nono yana da kitse, THC kuma kitse yake bi. A Amurka an same shi a nonon mata kwana shida bayan shan ƙarshe, a wani binciken ma har mako shida. Ke nan dabarar tatsewa a zubar, ko jiran awa biyu kafin a ba yaro, ba ta wanke komai. Duk da haka ba ma cewa a yaye jariri a koma madarar gwangwani. Garin da ya ga kwalara a 2023, inda ruwan sha sai an saya a jarka, bulumboti ya fi gaggawar kashe jariri. Nono ya ci gaba, bango ne zai tafi. Idan ta zame ta sha, kada ta kwanta da yaro a gado ɗaya a daren, ta miƙa shi ga wadda ke zaman jego da ita, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, domin mai maye ba ta jin lokacin da ta danne ɗa.

Cikin kwana arba'in gida cike yake da mata, ba ta samun sarari. Bayan an yi arba'in kowa ya watse, ga rashin barci, ga ɗa ya riga ya fito, sai ta ga kamar dalilin bari ya wuce. Lokacin ya yi daidai da rigakafin mako shida, don haka ranar da ta kawo shi allura mukan ɗora shi a sikeli, mu duba ko nauyinsa na hawa, mu miƙa wa kakarsa shi mu ce ta ɗan zagaya da shi waje ya yi shiru, sannan mu sake farawa daga jabana.